Kwafi Goma Sha Ɗaya

A Chimbote, in iska ta juyo daga bakin teku,
warin masana'antar garin kifi kan riga ɗalibai shiga aji.
Ran Litinin na raba musu littafin,
kwafi goma sha ɗaya ga yara talatin da biyu,
uku-uku suna karo da kai a kan shafi guda.
Wata mata ce ta zayyana rayuwarta:
uban da teku ta raina, giya ta ƙarasa,
uwar da ta sayar da keken ɗinkinta
ta ce wa 'ya'yanta gyara aka kai shi.
Na ce su rubuto mini abin da suka ji.
Shafi ɗaya ya isa.

Daren Juma'a, shayi ya huce, takardu a cinyata.

Wilmer layi biyu ya yi:
"Malama, ƙarya take. Wanda ya kwana da yunwa
ba ya tuna launin labule."
Na ɗaga jan biro, na mayar.
Da wane baki zan ce ya yi kuskure,
ni da ban taɓa kwana ciki wayam ba?

Yesenia ta cika shafi uku, gaba da baya,
ba ta ambaci littafin ba ko sau ɗaya.
Labarin firjinsu ta ba ni,
wanda ya rabu da wuta tun bara,
yanzu takalma ake jerawa a ciki
da takardun bashi, saboda ɓera.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"Don Allah kar ki karanta a aji."

Edilberto, sarkin shaƙiyancin bencin baya,
ya ce littafin ya fi maganin barci aiki,
ya ba shi tauraro biyu cikin biyar, wai don tausayi.
Amma kwafin da ya dawo da shi,
shafi na tamanin da huɗu ya yamutse
kamar takardar da ta jiƙe ta bushe,
daidai inda uban ya tsaya a ƙofar makaranta
'yarsa ta wuce shi kamar ba ta san shi ba.
Garin nan sai a shekara ba a ga ruwan sama ba.

Maribel tambaya ta jefo mini:
"Uwarta ta yarda a faɗa wa duniya?
Mu a gidanmu, ranar da babu,
ruwa zalla ake ɗorawa ya yi ta tafasa
don maƙwabta su ji ƙarar murfi.
Ita ko ta ɗage murfin, ta kira kowa ya leƙa.
Jarumta ce ko tonon asiri?"
Na rubuta a gefe: ban sani ba.
Shekara sha tara ina koyarwa,
yau na fara rubuta haka.

Nicanor bai kawo komai ba.
Ran Litinin da aka watse ya maƙale a bakin ƙofa,
yana murza igiyar jakarsa.
"Littafin yana gida, Malama. Babana ya riƙe.
Bai iya karatu ba, ni nake karanta masa
in ya dawo daga jirgi, kafin ya wanke hannu.
Jiya muka kai wajen keken ɗinkin.
Ya ce in dakata. Ya fita waje, ya daɗe.
Da ya dawo ya zauna kusa da Mama,
ya ce in ci gaba."

Rajista maki take so, daga sifili zuwa ashirin,
ba ta da gurbin abin da ya wuce lamba.
Na bar akwatinsa fari.
Mai kula da laburare ta aiko da fom,
tana tambayar kwafi nawa suka dawo.
Na ƙirga na kan tebur sau biyu, goma ne.
Na rubuta goma sha ɗaya,
na sa hannu.