Safar Hannu Shuɗiya

Ƙarfe uku na dare a Puerto Montt,
ruwa yana dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Fankar kwamfuta tana haki,
shayin mate ya huce a ƙoƙonsa.

Giwa na aro daga masu hali,
lambobi biliyan bakwai a cikinta.
Tana gani, tana magana,
ta san babban birnin kowace ƙasa.
Na nuna mata kifin da ƙwarƙwatar teku ta ci wa baya,
ta ce: kifi mai kyau, ga ɗigon ruwa a jikinsa.

Ba ni da wutar sake ƙera giwa.
Katina ɗaya, shi ma na jami'a,
ran Litinin za a karɓe.
Sai na daskarar da ita, ko kunne ba ta kaɗawa,
na ɗinka mata faci biyu sirara a gefe,
ɗaya ya matse zance ta ƙaramar kafa,
ɗaya ya warware shi.
Na biyun da sifiri yake farawa,
baƙo mai ladabi, ba ya cewa uffan ranar da ya sauka.

Faɗin faci takwas, alfa sha shida.
A bayan rasit ɗin burodi na rubuta.

Hotunan na Kawu Baldomero ne.
Shekara ashirin da shida yana bakin kejin kifi,
sanyi ya hana yatsunsa lanƙwasa.
Dubu ɗaya da ɗari tara ya ɗauka da waya mai fasasshen gilashi,
kowanne ya sa masa bayani a ƙasa,
wani har da ashar.

Karon farko a harshe kawai na manna facin.
Ta iya maganar Kawu tsaf, har ashar ɗin,
ido kuwa yana nan jiya i yau.
Na buɗe gadar da ke tsakanin ido da baki,
kwaɗayi ya ja ni, na kai faɗin sittin da huɗu.
Ma'ajiya ta cika, jan rubutu ya watsu a allo.
Na rage loma, na sake.

Kuskure ya yi ta sauka kamar guga a rijiya.
Casa'in da bakwai cikin ɗari!
Na yi rawa ni kaɗai, da safa, a kan katako mai sanyi.

Sai Rayén Huenchumán ta turo sababbin hotuna arba'in daga Calbuco.
Giwa ta duba ta ce duk lafiya lau.
Tara daga ciki sun kusa mutuwa.

Awa biyu ina zuba wa hotunan ido
kafin na ga abin da ta gani.
Kawu ba ya sa safar roba shuɗiya
sai zai taɓa kifi mara lafiya.
Mai lafiya da hannu tsirara yake ɗagawa.
Ashe ɗalibar fuskar malami take karanta,
ko sau ɗaya ba ta dubi allon ba.
Ni na ba ta faɗin da za ta haddace,
ta kuwa haddace.

Na yanke hannaye daga hotuna, ɗaya bayan ɗaya,
na koma takwas,
na rage saurin koyo, sannu ba ta hana zuwa,
ko da yake Litinin ba ta san wannan karin maganar ba.

Ƙarfe biyar Kawu ya fito da takalman ruwa.
Ta koya?
Na ce hannunka ta koya.

Ya juya tafinsa, ya duba, ya duba bayansa.
Ya ce shi ma sai da ya shekara goma
kafin ya daina kallon hannun maigidansa.
Ya cusa safar a aljihu, ya ja ƙofa,
iska ta shigo da warin gishiri da dizal.

Allo yana cewa huɗu cikin ɗari.
Na ɗora ruwan zafi.