Uku Cikin Ashirin

Sha ɗayan dare a Gwammaja,
an ɗauke wuta tun bayan isha.
Ni da fitilar waya da jan biro
da takardu tamanin da bakwai a kan tabarma.
Ina ja, ina kewayewa, ina sokewa,
kamar wanzamin da aka ce ya yi tsaga
ba a ce ya tambayi inda ke ciwo ba.

Takarda ta arba'in da ɗaya, Tasi'u Sale.
Uku cikin ashirin.
Na rubuta, na ajiye,
sai hannuna ya ƙi ɗaukar ta gaba.

Don ran Asabar na gan shi a Kantin Kwari,
tsaye kan benci a rumfar kawunsa.
Wata hajiya ta yanki yadi bakwai da rabi,
ta ƙara mayafi biyu, ta nemi ragi,
kafin kawun ya lalubo kalkuleta
yaron ya faɗi kuɗi, ya faɗi canji,
ko naira ɗaya bai kuskure ba.

To wa na auna, shi ko takardata?
Ban ce mudu yana ƙarya ba,
amma mai sai kwalba,
zinariya sai sikeli,
ni kuwa komai ya zo gabana, mudu nake miƙawa.

Kakana marini ne a Ƙofar Mata.
Bai taɓa jiran zane ya bushe
sannan ya duba ko baba ya kama ba.
Ya tsoma, ya ɗaga, ya bar iska ta sha,
kore ya juye shuɗi a kan idonsa,
ya girgiza kai, ya sake tsomawa.
Ni jikansa, sai ƙarshen zango nake leƙa karofi,
in zanen ya fito fari in ce laifin zane ne.

Ran Litinin na roƙi kwalayen taliya
wajen mai shagon bakin makaranta,
na yayyanka, kowa da nasa, da guntun alli.
Na ce, kada wanda ya ɗaga hannu,
ku rubuta, in na ƙirga uku ku ɗaga kwali.
Amsa tamanin da bakwai suka miƙe lokaci guda.
Barira, wadda ban san muryarta ba tun farkon shekara,
tata daidai.
Sagir sarkin "Ni, Malam! Ni, Malam!"
ya ɗaga kwalinsa fes, ko ɗigo babu.

Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi na ce,
kowa ya bar min abu ɗaya da bai gane ba,
ba suna, ba maki.
A cikin a-daidaita-sahu na karanta su.
Wani ya ce ina sauri.
Wata ta ce daga baya ba a ganin allo.
Wani kuma, da ƙaramin rubutu:
"Malam, ɗayan da muke arowa, yaushe ake biya?"
Shekara sha huɗu ina koyar da ɗebewa
ba wanda ya taɓa bin ni wannan bashi.

Tasi'u na kira gindin darbejiya.
Na karanta masa tambayoyin da bakina,
ya ci sha bakwai yana wasa da tsinke.
Na miƙa masa takardar, na ce karanta,
ya tsaya a kalma ta biyu
kamar mai kaya a bakin kwata.
Ashe lissafin na ciki,
ƙofar ce a kulle.

Hedimasta na son rajista ran Alhamis,
gidan maki kuwa ɗan ƙarami ne,
lamba biyu kawai yake ci.
Na sa uku, don ukun ya samu a ranar.
A gefe, da fensir, inda layi ya ƙare,
na rubuta: ya iya lissafi,
karatu ne ban koya masa ba.