Wasali Na Shida

Wasula biyar uwata ta ba ni,
a, e, i, o, u, cif kamar yatsun hannu.
Da su na yi kuka, da su na yi ciniki,
da su na nemi aure a Garin Malam.
Shekara arba'in da bakwai ban san da saura ba.

Sai ranar da mai sito, mutumin Kwatano,
ya nuna wani kwali ya ce: dessus.
Kunnena ya ji dessous.
Na sa shi a ƙasa, na ɗora buhu takwas.
Tangaran ne a ciki.
Albashin wata biyu ya yi ƙara sau ɗaya.
Ashe sama da ƙasa, a bakin mutanen nan,
tazarar harshe ce kawai.

Na shiga lakwal ta dare.
Mushe Ɗantanin ya ce: "Ka ce i. Riƙe ta.
Kada harshe ya motsa.
Yanzu turo baki kamar mai hura shayi."
Na turo.
I ta tsere, u ta dawo ta kwanta
kamar akuyar da ta san gidansu.

Ya ce: "Ba bakinka ba ne, kunnenka ne.
Baƙo in ya zo, ba ya tambayar sunansa,
sai ya tura shi ɗakin wanda suka yi kama."

A layin famfo, da asuba, tsakanin jarkoki,
ina ta tsuke baki ni kaɗai.
Matata Gambo ta jiƙa mini kanumfari,
wai haƙori ne.

Ran Alhamis a Kasuwar Dole
wata Baturiyar asibiti ta tsaya gaban mai awo
ta ce tana son sayen gari,
ta gutsure a ɗin, ta kada muryar ƙasa.
"Damagaram ɗin duka? Har da duwatsun Birni?"
Rumfa ta ɗauki dariya.
Ni ban yi ba.
Na matsa na ce: "Ja shi, Madam. Gaaari.
Kamar kina kiran yaro daga nesa."
Ta ja, ta dube ni:
ita duk ɗaya ta ji.

Jiya da dare, ina tsakiyar hamma,
wani siririn sauti ya fita daga bakina.
Mushe ya buga tebur, alli ya faɗi:
"Ita ce! Sake!"

Ni ban ji komai ba.
Bakina ya riga ya isa,
kunnena yana hanya, a ƙafa.