Tsohon Yadi

A asibitin Marwa, gado na bakwai, jikin taga,
dare ɗaya aka kwantar da mu, ni da Bakari mai babur.
Ciwonmu ɗaya: jijiya ta toshe,
jini ya tsaya a ƙofar zuciya yana ta sallama,
ba mai amsawa.

Shekararsa talatin da huɗu.
Tawa, kada ka tambaya,
ni na ɗinka wa kakansa rigar angonci.

Kwana tara ya ɗaura takalmi ya tafi.
Jiya na ji babur ɗinsa ya keta Domayo
kamar wanda aka biyo bashi.
Ni kuwa, daga tabarma zuwa buta
sai na yada zango sau biyu.

Na ce wa likita Mairama,
ba kin ce an buɗe hanya ba?
Ta ce, an buɗe, Baba, jini ya koma.
Sai dai naman da ya sha ƙishirwa,
na yaro farfaɗowa yake yi,
na tsoho ya fi barin tabo,
tabo kuwa ba ya bugawa.

Ban ja da ita ba.
Na san Mayo Kaliyawo,
wata da watanni yashi ne, yara na ƙwallo a cikinsa,
ran da ruwa ya dawo kuma ba ya neman izini.
Sabon gini ya jiƙe ya bushe.
Tsohuwar katanga,
ruwan da ta kwana tana roƙo
shi ke cin gindinta.

Kuma ni tela ne.
Sau nawa na mayar wa mutum da rigarsa na ce,
faci zai zauna, yadin ne ba zai riƙe ba?

Yanzu Dudu ta ɓoye gishiri.
Ƙwaya biyar da safe, uku bayan isha,
ƙafafuna sun kumbura sun ƙi takalmin Juma'a.
Cikin dare, in ta zaci na yi barci,
sai ta ɗora tafin hannu a ƙirjina tana ƙirga.
Nakan yi shiru in bar ta.

Keken yana nan yana tafiya, Dudu.
Yana tsallake ɗinki jefi-jefi,
yana nishi a kan kauri,
amma ƙafa ba ta sauka daga feda ba.
Akwai wandon Sambo da na yanka tun kafin azumi.
Gobe ki miƙo min shi,
ƙafa ɗaya zan haɗa, in huta.