Curin Bayan Jigo

Malama Hannatu ta ba mu aikin hutu:
gajeren labari, shafi tara,
a fito da jigo, a warware shi,
a faɗi salo, a bi zubi da tsari,
a kawo kafin Litinin ta sama.

Na sauka Dadin Kowa da takardu a jaka,
na tarar gida duk an tafi lambu.
Injin ban-ruwa ya ƙi tashi tun Laraba,
albasa ta fara sunkuyar da kai,
Baffa Jibir ya koma wa tsohon itacensa
da ya daɗe da zama wurin shanya.

Na zauna bakin fangali ina juya shafi.
Ya ce, me ya ɓace miki?
Na ce, jigo nake nema.
Ya yi dariya har igiya ta suɓuce masa.
Ga shi a gabanki yana kuka, ya ce,
amma karanto mu ji nasu na boko.

Na karanta masa.
Wani mutum ne ke magana da bakinsa.
Ya fara daga ranar da aka sayar da gona,
ya koma ƙuruciya, ya tsallake shekara goma,
ya dawo kan dillali yana ƙirga kuɗi.
Na ce, na riga na rubuta: talauci ne.

Guga ya nutse, guga ya taso.
Sai da ya shayar da layi uku ya tanka:

Talauci guga ne, 'yata.
Kowa na ganin guga,
shi ke hawa da sauka, shi ke fantsama.
Leƙa bayan itacen ki ga curin laka.
Ba ya jiƙa, ba ya ƙara,
ba wanda ya taɓa yi masa sannu,
amma cire shi mu gani ko ruwa zai hau.

Mutumin nan naki ya yi zancen fari sau bakwai,
kuɗin taki sau huɗu, na ƙirga.
Ƙaninsa fa? Sau ɗaya,
shi ma a tsakiyar maganar akuya.
Kuma me ya kai shi farawa daga ƙarshe?
Wanda ya zaga ta bayan danga zai shiga gidansu,
akwai wanda ba ya son tararwa a zaure.

Na duba. Shafi na shida, layi na biyu daga ƙasa,
rabin jimla, ko suna babu.
Sau uku na bi ta kanta ban yi tuntuɓe ba.

Da dare aka shimfiɗa tabarma, Baffa ya buɗe hira
yadda ya saba tun ina goye:
shekarar da kogi ya cinye tumatir,
dorinar da ta kwana cikin masara,
direban Gombe da ya gudu da buhu ashirin.
Na san kowace gaɓa, na san inda ake dariya.
Yau kawai na kama kaina ina ƙirge.
Rijiyar nan mutum biyu suka haƙa ta,
ɗayan ni nake ɗauke da goshinsa.
Hira ta zo bakin rijiya, ta kauce, ta bi ta masara.

An dawo mini da takarda, sha huɗu cikin ashirin.
Jan biro a gefe: Madalla. Ina madogararki?
Na bar wurin fili.

Amma ranar da zan taho, muna ɗaure kaya,
na dafa itacen, ya yi santsi don hannu,
na ce, Baffa, wa ya saro wannan?

Ya dubi ruwa, ya gyara igiya.
An dai saro shi, ya ce.

An.
Harafi biyu, ba fuska, ba suna.
Na ji nauyinsa ya danna can baya,
wani abu ya taso mini cike, yana zuba.