Ruwa Ya Yi Murmushi

A Aziziyya, bayan layin masu wankin harami,
akwai kicin mai ƙofa ɗaya, murhu biyu.
Ni ce a tsakiya, da wuƙa da daro,
shekara sha ɗaya ina gyara kaji
ga maza biyu masu ƙasa ɗaya, alƙibla ɗaya,
da ba sa shan inuwa ɗaya in an zo batun shinkafa.

Idris Liyong, jikan mutanen Sin,
ya musulunta da furfura a ka,
amma bai tuɓe girkin uwarsa a ƙofar masallaci ba.
Shi ba ya yarda kaza ta ji tafasa.
Ruwa ya yi murmushi, in ji shi, kada ya yi dariya.
Sai ya nutsa ta da citta da ganyen albasa,
ya ɗaga, ya mayar, kamar mai wankan jinjiri,
daga nan tsundum cikin ƙanƙara.
Ranar farko na ce, Baba Idris, zazzaɓi take yi?
Ta fito fara sol, fata na sheƙi.
Kitsen da na saba jefa wa kyanwa
shi ne dukiyarsa:
ya narkar, ya juya ɗanyar shinkafa a ciki da tafarnuwa,
ya shayar da ita romo har kowace ƙwaya ta tsaya da ƙafarta.

Rosli ɗan Malayu ya leƙo, ya taɓe baki.
Azumi, wannan kazar ba ta gama mutuwa ba.

Tasa tana shan ruwan zafi ita ma,
amma wankan share fage ne.
Zai shafe ta da zuma da baƙin ruwan waken suya,
ya bar ta ta sha iska,
sannan mai ya karɓe ta da guɗa.
Ta fito ja, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin wuƙa.
Shinkafarsa rawaya ce, da man shanu da kurkur,
kirfa, kanumfari,
da wani ɗan itace mai siffar tauraro
da har yau ban riƙe sunansa ba.
Yajinsa da sukari. Na Idris da lemon tsami.

Idris ya ce, wanda ya amince da kazarsa
ba ya ɗaura mata kayan ado.
Rosli ya ce, gawa ce kaɗai ake fitarwa da fari.

Ni dai wuya da ƙafafu ne rabona.
In ƙulle a leda, fari da ja wuri ɗaya,
in hau mota zuwa Shara Mansur,
in jefa daddawa, kowa ya yi shiru.

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
na ga Idris, bayan Isha'i,
yana tsintar soyayyar fata a matsamin Rosli.
Shekarar da tarin Mina ya kwantar da Rosli kuma,
maƙogwaro ya ƙi komai,
ni na kai masa kwano a rufe.
Bai tambayi murhun da ya fito ba.
Ya shanye romon, ya ce gishiri bai ji ba.

Bara takardar zaman Idris ta ƙare.
Ya bar min wuƙarsa mai faɗin allo,
ya bar wa Rosli sallama a tsaye.

Yanzu murhu ɗaya ke ci.
Amma duk Alhamis, in alhazai sun ragu,
Rosli kan ce, ba tare da ya dube ni ba,
Azumi, ko akwai ƙanƙara?
Sai ya ɗora tukunyar da ba tasa ba,
ya tsaya a kanta, hannu a ƙugu.
In bar shi ya ɗan jima,
sannan in ce daga bakin daro:
rage wuta, Malam.
Ruwan yana dariya.