Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Takarda ta zo ran Talata daga ofishin gunduma,
na karanta a tsaye, dusar ƙanƙara na narkewa a takalmina.
Wai gidana da ke bayan titin Lagrange, a nan Toledo,
ya yi tsalle daga dala dubu casa'in da biyu
zuwa dubu ɗari da arba'in da takwas.
Haraji kuma ya bi shi a guje.
Na ɗaga kai na dubi silin.
Shi bai ji labari ba, yana ta ɗiga a bokiti.

Mai kimantawa bai shigo ba.
Maƙwabcina Odell ya hango shi ta taga:
farar mota, ta rage gudu, ta wuce.
A lissafinsu akwai gareji.
Garejin nan ƙanƙara ta danne shi
shekarar da Casimir ya rasu,
amma a littafinsu yana tsaye, har da rufi,
ina ta ciyar da shi ban sani ba.

Jikata Renata ta ara mini wayarta,
ta ce, Kaka, ki ɗauki duk abin da ya lalace,
ban da furanni.

Sai na bi gidana da tocila kamar mai farautar ɓarawo.
Tsagar bangon ɗakin ƙasa, mai shan yatsu biyu.
Tukunyar ɗumama gida, sa'ar ɗana na fari,
mai tari kafin ta kama.
Matakala ta huɗu mai kuka,
wadda ta tona yarana duk daren da suka yi latti.
Ƙyauren kicin, inda muka zana tsayinsu da fensir,
shi ma na rubuta: gara ta ci, yana son canji.
A nan hannuna ya yi rawa.

Hawa na uku, ɗaki mai warin tsohon kofi,
mutum uku a bayan tebur, minti goma.
Shekara arba'in da ɗaya ina rufa wa gidan nan asiri,
in baƙi za su zo in ja kujera in tare ɓarakar bango.
Yau ni ce na tsaya na tuɓe shi.
Na ce rufinsa rariya ne.
Na ce gidan kusurwa da aka sayar da tsada
sabon kicin gare shi, ni nawa ya girmi mai tambayata.
Matar da ke tsakiya ta juya hoto,
ta ce, nan ne ruwa yake shiga?
Na ce nan, da nan,
da wani wurin da hoto ba ya kamawa.
Ba ta tambaya ba. Ta rubuta.

Na dawo a bas, na tsaya a bakin ƙofa,
makulli a hannu, kunya ta hana ni saka shi.
Na dafa bango na ce, ka yi haƙuri,
don mu zauna tare na zage ka.

Bayan mako shida amsa ta zo:
sun rage dubu talatin da ɗaya, sun share gareji.
Odell ya ce in yi murna.
Na zubar da bokiti, na mayar da shi gurbinsa.
Da dare na hau bene,
na taka matakala ta huɗu da gangan.